Dobutamin a Jikin Mai Jego: Sake Duba Maganin Durƙushewar Zagayen Jini Mai Tushe daga Zuciya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin hujjojin da likitoci ke dogara da su wajen ceto mutumin da zuciyarsa ta kasa tura jini har gaɓoɓi suka fara mutuwa. Ta nuna cewa yawancin hujjojin an samo su ne daga masu toshewar jijiyar zuciya a Turai da Amurka, kuma ɗora su kai tsaye a kan mai jego a Kano ko Sakkwato na iya zama cutarwa.

Gabatarwa

Ana cewa zagayen jini ya durƙushe idan awon jini na sama ya sauka ƙasa da 90 na fiye da minti 30, hannu da ƙafa suka yi sanyi, fitsari ya ragu ƙasa da mililita 30 a awa, sinadarin laktet kuma ya haura 2. Zuciya ta raunana, jinin da take turawa ya yi kaɗan, jiki ya matse jijiyoyi don ya riƙe awon jini, wannan matsewar kuma ta ƙara wa zuciyar nauyi. Ruwa ya taru a huhu, iskar da ke isa tsokar zuciya ta ragu, rauni ya haifi wani raunin. Har yau ana rasa kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na waɗanda suka kai wannan mataki.

Waiwaye

Gwajin SHOCK na 1999, mai majinyata 302, ya nuna amfanin gaggauta buɗe jijiyar da ta toshe. IABP-SHOCK II na 2012 ya gwada balan-balan da ake zurawa cikin babbar jijiya a kan mutum 600, bai rage mace-mace cikin kwana 30 ba. DanGer Shock na 2024 ya samu ragi da famfon Impella. Dukansu ayyuka ne masu daraja, amma dukansu kan toshewar jijiya suke magana, mafi yawan majinyatan kuma maza ne da suka manyanta.

A arewacin Nijeriya akwai wata majinyaciya daban: matashiya, jijiyoyin zuciyarta a buɗe, tsokar ce ta saki bayan haihuwa. Isezuo da Abubakar (2007) sun samu ciwon a haihuwa 1 cikin 102 a Sakkwato. Davidson da Parry, a aikinsu na Zariya cikin shekarun 1970, sun danganta shi da wankan jego da kunun kanwa, kuma wannan bayani ya zauna daram a zukatan ɗalibai. Sai dai rajistar PEACE da Karaye ya jagoranta (2020), mai mata 406, ba ta ga wannan alaƙa ba. Abin da ta gani shi ne rama, rashin karatun boko, rashin aikin yi da hawan jinin masu ciki. Likitan da ya tsaya faɗa da kakar jariri kan kanwa ya bar ainihin ciwon.

Hanyar Bincike

An karanta gwaje-gwaje da rajistocin da aka wallafa daga 1999 zuwa 2024, aka ware su gida biyu: masu toshewar jijiya da masu raunin tsoka bayan haihuwa.

Sakamako da Tattaunawa

Abu na farko gajere ne. A gwajin SOAP II na 2010, dofamin ya ninka rikicewar bugun zuciya idan aka kwatanta da norefinefrin, kuma a rukunin mutum 280 da durƙushewarsu ta fito daga zuciya, an fi rasa masu dofamin. Babu dalilin fara da shi idan norefinefrin na kusa.

Batun dobutamin shi ne zuciyar wannan aiki. An saba ɗaukarsa a matsayin mai ƙarfafa bugun zuciya ga kowa. Amma Hilfiker-Kleiner da abokan aikinta (2007) sun nuna cewa zuciyar mai raunin tsoka bayan haihuwa na fama da ƙarancin furotin mai kariya da ake kira STAT3, abin da ke sa a datse sinadarin furolaktin mai kawo nono, guntun da ya fita kuma ya lalata ƙananan jijiyoyin zuciya. Stapel da abokan aikinta (2017) suka ɗora a kai: a ɓerayen da ba su da STAT3, zaburar da zuciya ta hanyar da dobutamin ke bi ya hana tsokar ɗaukar sukari, makamashinta ya ƙare. Tamkar a tsananta bulala ga dokin da ya kwana da yunwa. A mata 27 masu tsananin ciwon a Jamus, 19 cikin 20 da ba a ba su dobutamin ba sun samu sauƙi. Duk 7 da aka ba su sai da aka yi musu dashen zuciya ko aka sa musu famfo.

Nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Waɗancan mata 7 sun samu mafita domin Jamus na da dashe da famfo. Mai jegon da aka kawo daga ƙauye cikin dare ba ta da wannan gata, don haka kuskuren da za a iya gyarawa can, a nan ajalinta ne. Saboda haka wannan bincike ke ganin kada a rataya mata ƙarin ruwa don kawai awon jini ya faɗi, sai an saurari huhu an duba zuciya da na'urar eko. A ba ta iskar oksijin, a riƙe awon jini da norefinefrin, a rage ruwan huhu da furosemid idan awon ya ba da dama. Dobutamin ya zama na ƙarshe, ɗan kaɗan, na ɗan lokaci.

Iyakokin Bincike

Dole a yarda cewa mata 27 ba yawa ba ne, kuma mai yiwuwa waɗanda aka ba dobutamin su ne suka fi jin jiki tun farko. Buromokiriftin mai hana fitar furolaktin, wanda Sliwa ta gwada a kan mata 20 a Afirka ta Kudu (2010), yana buƙatar maganin tsinka jini, yana kuma ƙafar da nono, abin da ke jefa jariri cikin haɗari a gidan da madarar gwangwani ta fi ƙarfin aljihu. Wannan ya sa ba a saka shi cikin shawarwarin da ke sama ba.