Makarantar gandun daji ta Banco

Daga Adjamé tafiya kaɗan ce zuwa Banco, kurmi mai faɗin hekta fiye da 3,000 a tsakiyar Abijan, wanda aka keɓe a matsayin gandun dajin ƙasa a 1953. A cikinsa Faransawa suka kafa makarantar horar da malaman daji a shekarun 1930, da lambun itatuwa iri-iri.

Yau wurin yana da ɗan gidan nune-nune, inda ake kai 'yan makaranta su san itatuwa da namun kurmi. Hukumar OIPR ce ke kula da gandun. Gine-gine da shara suna ta matse shi, alhali ruwan da ke ƙarƙashinsa yana cikin wanda mutanen Abijan ke sha.