Kyamarar fim mai sauƙi: yadda take aiki da tarihinta

Kyamarar fim mai sauƙi akwati ne da haske ba ya shiga cikinsa, sai ta wani ɗan gilashi da ke gaba. Idan aka danna maɓalli, wata 'yar ƙofa takan buɗe na kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, hasken ya faɗa kan fim, wato zaren roba mai ɗauke da sinadarin azurfa wanda ake kira pellicule da Faransanci. Ba a ganin hoton nan take. Sai fim ya ƙare a kai shi wurin masu wanki, su fitar da nagatif, daga shi ne ake buga hoto a takarda.

Irin wannan kyamara ba ta da abin saiti. Duk abin da ke nesa da ita daga mita ɗaya zuwa sama zai fito, amma tana son rana. Da dare kuwa fitilar walƙiyarta ba ta wuce kamar mita uku, shi ya sa tsofaffin hotunan biki sukan nuna amarya fes, 'yan rakiyar da ke baya kuma sun nutse cikin duhu.

George Eastman ɗan Amurka ne ya fara sauƙaƙa wa jama'a wannan aiki. A 1888 ya fitar da kyamarar Kodak mai ɗaukar hoto 100, sannan a 1900 kamfaninsa ya kawo Brownie, wadda aka yi da kwali aka sayar a kan dala ɗaya. Instamatic ta biyo baya a 1963. A 1986 Fujifilm na Japan ya fito da kyamarar da ake amfani da ita sau ɗaya, wadda ake miƙa wa mai wanki ɗungurungum.

Kada a raina waɗannan akwatuna. Seydou Keïta na Bamako ya fara ne da Brownie da wani ɗan uwan iyayensa ya kawo masa tsaraba daga Senegal a 1935. Malick Sidibé ma ya sayi Brownie mai fitila a 1956, daga baya ya yi suna da hotunan samari da 'yan mata a wuraren rawa na Bamako, har aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a baje kolin Venise a 2007. Abin da ya sa duniya ta san su biyun shi ne sun adana nagatif ɗinsu, dubbai, shekara da shekaru.

Nan ne iyalai da yawa suka yi asara. An saba a rataye hoto a bango a zubar da nagatif, alhali hoton takarda yana dusashewa, shi kuwa nagatif idan an kula da shi ana iya sake buga hoto daga gare shi ko a mayar da shi cikin kwamfuta. Maƙiyansa zafi ne da danshi da ƙura. A sa shi cikin ambulan na takarda, a ajiye a wuri mai sanyi, ba ƙarƙashin rufin kwano ba, kuma a riƙe shi ta gefe don kada yatsa ya bar tabo.

Kyamarar dijital da wayar hannu sun durƙusar da kasuwar, har Kodak ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a Janairun 2012. Duk da haka ana ci gaba da yin fim. Mafi yawa shi ne mai faɗin milimita 35, mai hoto 24 ko 36. Lambar ISO 100 ko 200 ta ishi ranar Sahel, 400 kuma ta fi dacewa da inuwa. Mai son gwadawa ya fara tabbatar da akwai mai wanki a garinsu kafin ya sayi fim, kuma kada ya buɗe bayan kyamara sai ya naɗe fim ɗin ya koma cikin gwangwaninsa.