Kukis na Bin Sawu: Tarihinsu da Yaƙin Toshe Su

Kukis wasu 'yan ƙananan bayanai ne da shafin intanet ke ajiyewa a cikin burauzar waya ko kwamfuta, domin ya gane mai ita idan ya dawo. Aikinsu kamar na katin da ake ba mutum a wurin ajiye babura ne: lamba ce kawai, amma da ita ake gane babur ɗin wa. Su ne ke sa ba sai mutum ya sake shigar da kalmar sirri a kowane shafi ba. Waɗanda ake kira na bin sawu kuwa ba shafin da aka buɗe ne ke ajiye su ba. Wani kamfanin talla ne da ya maƙala hotonsa ko maɓallinsa a dubban shafuka, duk inda mutum ya leƙa sai ya karanta lambar nan ya rubuta. Shi ya sa manomin shinkafa a Kura ko Bunkure zai duba farashin injin ban-ruwa da safe, da yamma ya ga tallan injin ya biyo shi shafin labaran ƙwallo.

Lou Montulli, injiniya a kamfanin Netscape na Amurka, shi ya ƙirƙiro kukis a 1994, don shafukan ciniki su riƙa tuna kayan da mai saye ya zaɓa. Internet Explorer ta karɓe su a 1995. Ba a tambayi kowa ba, kuma jama'a ba su san da su ba sai da jaridar Financial Times ta yi rubutu a kansu a Fabrairun 1996. Masana sun hango ɓarnar da wuri. Ƙa'idar RFC 2109 ta 1997, wadda Montulli da David Kristol suka rubuta, ta nemi burauza ta hana kukis na baƙin kamfanoni tun daga tushe. Manyan burauzojin lokacin suka yi kunnen uwar shegu da ita, domin kuɗin talla ya fara shigowa. Kamfanin DoubleClick ya yi arziki ta wannan hanya, har Google ta saye shi a 2008 kan dala biliyan 3.1. Wannan ciniki ne ke bayyana yawancin abin da ya biyo baya.

Da farko maganin shi ne gogewa da hannu, ko buɗe shafi a yanayin sirri. Masu talla suka koma ɓoye lambar a manhajar Flash, ta yadda ko an goge sai ta dawo. A 2010 Samy Kamkar ya nuna wani kuki da ke farfaɗo da kansa daga wurare da dama. An kuma gwada roƙo: daga 2011 Firefox ta sa saƙon da ke ce wa shafuka kada su bi sawun mai ita. Ba doka a bayansa, shafuka suka share shi, aka watsar da aikin a 2019.

Toshewa ta gaske daga masu burauza ta zo. Safari ta Apple ta tsananta a 2017, ta rufe ƙofar gaba ɗaya a Maris 2020. Firefox ta fara toshe masu bin sawu ga kowa a Satumbar 2019. Chrome ta Google ce ta tsaya jan ƙafa. A Janairun 2020 Google ta yi alkawarin daina karɓar irin waɗannan kukis cikin shekara 2, ta ɗage sau da dama, sannan a Yulin 2024 ta janye alkawarin. Ba abin mamaki ba ne, tunda mai burauzar shi ne kuma babban dillalin talla. Tun 2012 ma hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci tarar Google dala miliyan 22.5 saboda zagaye kariyar Safari.

Turai ta bi ta hanyar doka. Gyaran doka da aka yi a 2009 ya wajabta neman izini kafin a ajiye kukis, dokar GDPR ta Mayun 2018 kuma ta ƙara masa ƙarfi. Daga nan ne akwatin neman izinin nan mai tare fuskar waya ya samo asali. A farkon 2022 Faransa ta sanar da tarar Yuro miliyan 150 a kan Google da miliyan 60 a kan Facebook, saboda sun sauƙaƙa amincewa sun wahalar da ƙi.

A Najeriya, hukumar NITDA ƙarƙashin Isa Ali Pantami ta fitar da ƙa'idar kare bayanai a Janairun 2019. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a cikakkiyar doka a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda take sarrafa bayanan 'yan ƙasa. Umarnin da NDPC ta fitar a 2025 ya ambaci kukis kai tsaye, ya ce a nemi izini.

A Kano dai dokar ta yi wa amfani nisa. Wayoyin da aka fi saye a kasuwar Farm Centre, wato Tecno da Infinix da itel, Android ne, kuma Chrome na zuwa a cikin yawancinsu. Akwatin neman izinin da Turanci yake fitowa, mutane kan danna duk maɓallin da zai kawar da shi. Mai gyaran waya a Panshekara ko Kumbotso idan ya goge kukis, yawanci don waya ta yi nauyi ne ko shafi ya ƙi buɗewa. Inda gogewar ta fi amfani shi ne shagunan intanet da ɗalibai ke cike takardun makaranta a kwamfuta ɗaya, domin wanda ya tashi bai fita daga akwatin saƙonsa ba ya bar shi a buɗe ga na bayansa.

Gogewa ba ta hana a sake ajiye sabbi, kuma ba ta taɓa bin sawun da ake yi a cikin manhajoji irin su TikTok, ko wanda ake yi ta hanyar tantance siffofin wayar kanta. Mai amfani da Chrome da ke son toshe kukis na baƙin kamfanoni sai ya shiga saitin sirri ya kunna da kansa. A Firefox da Safari da Brave a kunne yake zuwa.