Daga Teburin Intabiyu Zuwa Allon Kwamfuta: Tarihin Takardar Al'amuran Yau da Kullum

Duk ma'aikacin gwamnatin da lokacin ƙarin girmansa ya gabato ya san abin da ke jiransa: dokokin aikin gwamnati, ƙa'idojin kashe kuɗin hukuma, tambayoyin fannin aikinsa, sai kuma takardar al'amuran yau da kullum. Ukun farko kowanne yana da littafinsa, mutum ya zauna ya karance shi daga bango zuwa bango. Ta huɗun ba ta da iyaka, shi ya sa ta fi tayar wa ma'aikata hankali. A sashen kula da ma'aikata na yi rayuwar aikina, na zauna cikin masu yi wa mutane tambayoyi, yanzu kuma da na ajiye aiki ina taimaka wa na baya su shirya. Abin da na gani shi ne an ƙirƙiro wannan takarda don a gane ma'aikacin da yake bin halin da ƙasarsa ke ciki, sannu a hankali ta rikiɗe ta koma gasar hadda. Yadda aka yi haka tarihi ne da ya kamata mu sani.

Asalin ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa, a tsarin da muka gada, daga Ingila yake. A 1854 aka fitar da rahoton Northcote da Trevelyan, wanda ya ce a daina ba da aikin gwamnati don sanayya, a koma gwada cancanta. Turawan da za su mulki Indiya sai sun ci jarrabawa mai tsanani. Waɗanda aka turo mana kuwa ta wata ƙofar suka shigo. Ofishin mulkin mallaka ya fi dogara da ganawa ido da ido, kuma Sir Ralph Furse ya daɗe yana jagorantar wannan zaɓe. A zaunar da saurayi a yi hira da shi, a ga nutsuwarsa da abin da ya sani game da duniya. Idan ya iso Arewa a matsayin ƙaramin Di'o, jarrabawar da ke gabansa ita ce ta Hausa da ta doka, kuma sai ya haye za a tabbatar da shi. Ke nan tun farko an ɗauka cewa mai mulkin jama'a dole ya san jama'ar.

Wannan al'ada ta hira ita muka tarar. Makarantar horar da akawuna da aka buɗe a Kongo, Zariya, ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki a 1954, shekarar da aka kafa hukumar ɗaukar ma'aikata ta tarayya. Gwamnatin Sardauna tana gaggawar cike ofisoshi da 'yan Arewa, ga masu takardar makaranta ba yawa. Aka riƙa tsamo malaman makaranta da ma'aikatan En'e ana horar da su. Daga cikin mutanen wancan zamani ne aka samu irin su Ali Akilu, Ahmed Talib, Liman Ciroma da Ahmed Joda. Magabatanmu a ofis sun ba mu labarin yadda intabiyu take a lokacin. Ba a tambayar mutum sunan minista don kawai a ji sunan. Sai a ce masa, me ka ji game da farashin gyaɗa bana, kuma me hakan zai jawo wa harajin lardinku? In ya amsa, a bi shi da wata tambayar daga cikin amsar tasa. Wanda ya yi hadda ba ya wuce tambaya ta biyu.

Kayan shiri kuwa a fili suke. Gaskiya Ta Fi Kwabo tana fitowa tun 1939, akwai Nigerian Citizen, sannan New Nigerian ta gaje ta a farkon 1966. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, Rediyon Kaduna a 1962. Ofis yana sayen jarida, ta fara daga teburin babban sakatare, ta gangaro har ta iso hannun ƙaramin akawu kafin a tashi. Babu wanda ya ɗauki karatunta a matsayin shirin jarrabawa. Ɓangare ne na aikin yini.

Abu biyu suka sauya wannan tsari, kuma a tare suka zo. Na farko yawa. A 1967 Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, shida a Arewa, kowace da sakatariyarta da hukumar ma'aikatanta. Kuɗin mai suka shigo, ma'aikatu suka yi ta haihuwa. Kwamitin Udoji, wanda aka kafa a 1972 ya miƙa rahoto a 1974, ya jera kowa a matakan albashi daga 01 zuwa 17. Tun da aka yi tsani, dole a sami hanyar tantance mai hawa. A 1975 kuma gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata sama da 10,000, da yawansu masu dogon sani, aka cike gurabensu cikin hanzari. Mutum biyar a bayan tebur ba za su iya yin doguwar hira da dubban ma'aikata ba. Aka koma rubutu, rubutun ma aka fi son tambaya mai gajeriyar amsa, wadda mai maki zai duba da sauri.

Na biyu, ƙasar kanta ta shiga sauye-sauyen da suka samar da tambayoyi barkatai. Tuƙi ya koma hannun dama a 1972. Naira ta maye gurbin fam a 1973. Jihohi suka zama 19 a 1976, 21 a 1987 da aka cire Katsina daga Kaduna, 30 a 1991, sannan 36 a 1996. Fadar gwamnati ta bar Legas zuwa Abuja a Disamban 1991. Kowane juyin mulki sabbin gwamnoni, kowane garambawul sabbin ministoci. Mai shirya tambaya ya sami rumbu cike: wace shekara, wane ne, guda nawa.

A nan aka haifi ɗan littafin nan da kowa ya sani, mai siririn bango da hoton shugaban ƙasa ko taswirar Nijeriya, wanda ake sayarwa a tashar mota, a bakin sakatariya, da hannun yara a danja. A ciki akwai jihohi da manyan biranensu da kirarinsu, ƙananan hukumomi 774, shugabannin ƙasa tun daga 1960, ma'anar launin tuta, wanda ya fara kaza da wadda ta fara kaza. Ba zan raina shi ba. Ya yi wa ma'aikacin ƙauye rana, wanda jarida ba ta isa wurinsa sai ta kwana uku. Ya sa dubban mutane sun san taswirar ƙasarsu. Illarsa ita ce ya koya wa mutane cewa sanin ƙasa jerin sunaye ne. Kuma masu buga shi kan sauya bango da shekara su bar cikin yadda yake, har ka ga jihar Gongola tana nan daram bayan an raba ta Adamawa da Taraba.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya ƙarasa abin da ya rage. Jarida ta yi tsada, ofisoshi suka rage saye, ƙaramin ma'aikaci ya koma tsayawa wurin mai jarida yana leƙa kanun labarai. Gyaran aikin gwamnati na 1988 ya mayar da manyan sakatarori daraktoci-janar masu tafiya tare da gwamnatin da ta naɗa su, kafin kwamitin Ayida ya ba da shawarar a koma tsarin da. A tsakanin nan horar da na ƙasa ya yi rauni. Babban da zai kira yaronsa ya ce, karanta wannan sharhi ka zo ka gaya mini abin da ka fahimta, ya yi ƙaranci. Aka bar ma'aikaci da ɗan littafinsa, yana buɗe shi sau ɗaya duk bayan shekara uku, domin tsakanin mataki na 07 da na 14 tazarar ƙarin girma ke nan, daga 15 zuwa sama kuma shekara huɗu.

Zamanin da muke ciki na kwamfuta ne. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, cibiyoyin da aka gina suka zama wurin gwada ma'aikata da masu neman aiki. Wannan ci gaba ne, kuma ina goyon bayansa. Sakamako yana fita da wuri, hannun mai son kai ya ragu, ɗan talaka da ba shi da kowa a sama yana iya hayewa da ƙoƙarinsa. Amma na'ura ta fi son tambaya mai zaɓi huɗu, wato irin tambayar da ɗan littafin nan ya saba da ita. Shi ma littafin bai mutu ba, ya shige waya ne. Yanzu ana tura shi a WhatsApp da sunan tsofaffin tambayoyi, babu sunan marubuci, babu kwanan wata, wani lokaci da amsoshin da ba daidai ba. Ga kuma 'yan damfara masu cewa a turo kuɗi su ba da tambayoyin gobe.

Haɗarin ya fi na da, domin abubuwa suna sauyawa da sauri. Wanda ya haddace cewa ECOWAS tana da ƙasashe 15 ya faɗi, tun da ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso ta tabbata a Janairun 2025. Taken ƙasa da aka rera tun 1978 an ajiye shi a Mayun 2024, aka dawo da na lokacin samun 'yanci. A shekarar ce aka kafa ma'aikatar kula da kiwon dabbobi, mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000. Labari kamar maganin kemis yake, yana da ranar da zai daina aiki, kuma wanda bai duba ranar ba shi zai cutu.

Saboda haka abin da nake koya wa masu zuwa wurina ba shi da wuya, sai dai yana son naci. Su raba abin da za su sani kashi uku. Akwai wanda ba ya sauyawa, kamar shekarun tarihi. Wannan a haddace shi, babu laifi. Akwai mai sauyawa, kamar masu riƙe da muƙamai da alƙaluman kasafin kuɗi. Wannan a rubuta shi a littafin aljihu, kowane layi da kwanan watansa da inda aka ji shi. Na ukun shi ne dalili, kuma shi ne gishirin abin. Ka san an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, to me ya faru da kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya? Ka ji Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, to me hakan ke nufi ga asusun haɗin gwiwa da albashin malaman firamare? Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar samar da wutar lantarki da rarraba ta, to wace ma'aikata ce a jiharka aikin zai faɗo wa? Wanda ya bi labari ta wannan hanya sunaye da shekaru suna zauna masa ba tare da wahala ba, domin kowanne yana rataye da wani abu da ya fahimta.

Kayan aikin ma sun fi na magabatanmu yawa. Labaran rediyo na safe da na dare suna nan, ga Aminiya da Daily Trust a waya, ga jawabin kasafin kuɗi da takardun sanarwa na ofishin shugaban ma'aikata. Rabin sa'a kullum ta fi kwana uku ana haddar dare. Nakan ce musu su haɗu su huɗu ko biyar a ofis ranar Alhamis, kowa ya kawo labari ɗaya ya bayyana shi da Hausa, sauran su yi masa tambayoyi. Wanda ya iya fayyace wa abokansa abu da harshensa, zai iya amsa shi da Turanci a gaban kwamfuta.

Masu shirya tambayoyi su ma akwai nauyi a kansu, domin abin da suka tambaya shi mutane za su karanta. Kwamfuta ba ta hana a kawo gajeren labari a tambayi abin da zai biyo baya, ko a ba da alƙaluma a ce a fassara su. Ga manyan matakai kuwa, a riƙe rubutun sharhi da ganawa ido da ido da muhimmanci. Ma'aikacin da zai rubuta wa kwamishina shawara kan takin zamani, ko ya tsara rabon magani a asibitocin karkara, yana bukatar sanin abin da ke faruwa da dala, da kan iyaka, da damina. Idan bai sani ba, manomi da majinyaci ne za su biya kuɗin jahilcinsa. Don kare su aka sa wannan takarda cikin jarrabawa, kuma da wannan ma'auni ya kamata a riƙa shirya ta, a kuma riƙa karanta ta.