Tarihin Riƙe Dukiyar Baƙon Ɗan Kasuwa Kafin Hukunci a Ingila

Bin baƙo bashi tsohuwar matsala ce a kowane gari mai tashar jiragen ruwa. Ɗan kasuwa yakan zo daga wata ƙasa ya ɗauki kaya bashi, kafin alƙali ya yanke hukunci ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya koma gida. Mai ƙara ya ci shari'a, amma babu abin da zai kama. Toshe wannan kafa ne ya sa aka fito da hanyoyin riƙe dukiyar wanda ake ƙara tun shari'a ba ta ƙare ba.

Ɗaruruwan shekaru birnin Landan yana da al'adarsa a Kotun Magajin Gari. Idan an kira wanda ake bi bashi bai zo ba, kotu takan riƙe kuɗinsa ko kayansa da ke hannun wani a cikin birnin, kamar abokin cinikinsa. In an yi kira huɗu shiru, sai a miƙa wa mai ƙara dukiyar, shi kuma ya kawo masu tsaya masa cewa zai mayar idan mai ita ya bayyana cikin shekara ɗaya da kwana ɗaya ya nuna ba a bin sa komai. Al'adar ta bi 'yan ƙaura zuwa Amurka ta zauna, amma a gida ta mutu: hukunce-hukuncen Majalisar Dattawa, kotun ƙolin ƙasar a lokacin, na 1867 da 1881 sun rage mata ƙarfi har aka daina amfani da ita. A 1890 shari'ar Lister da Stubbs ta tabbatar da cewa ba a hana mutum taɓa dukiyarsa don kawai ana ƙararsa. Abin da ya saura shi ne tsare jirgin ruwa a tasha, alhali a Faransa alƙali yana da ikon riƙe kadara kafin hukunci.

Al'amarin ya juya a 1975, lokacin da kasuwar sufurin ruwa ta faɗi. A watan Mayu kamfanin Nippon Yusen Kaisha na Japan ya kai kuka cewa wasu 'yan Girka biyu da suka ɗauki shatar jiragensa sun yi layar zana, ofishinsu a rufe, amma suna da kuɗi a bankunan Landan. Kotun Ɗaukaka Ƙara, ƙarƙashin Lord Denning, ta hana a fitar da kuɗin. Wata guda bayan haka aka kawo batun jirgin Mareva, wanda ya ɗauki takin zamani daga Bordeaux zuwa Indiya. An zuba kuɗin dakon a wani bankin Landan, amma masu shata suka kasa biyan mai jirgi dala 30,800. Kotu ta sake ba da irin wannan umarni, daga nan sunan jirgin ya bi shi.

Ana neman umarnin ne ba da sanin wanda ake ƙara ba, don in ya ji ƙishin-ƙishin kuɗin sun bar ƙasa kafin gari ya waye. Saboda haka sharuɗɗansa suke da tsauri. Dole mai ƙara ya nuna hujja mai ƙarfi, ya nuna akwai fargabar kwashe dukiyar, ya faɗa wa alƙali komai har abin da bai yi masa daɗi ba, ya kuma ɗauki alkawarin biyan diyya idan ta bayyana bai da gaskiya. Idan bankin da aka sanar ya saki kuɗin, ya raina kotu. Sai dai umarnin ba jingina ba ne, bai fifita mai ƙara a kan sauran masu bin bashi ba.

Da farko baƙi kaɗai ya shafa. Wata doka ta 1981 ta haɗa da mazauna Ingila, wata ta 1982 ta buɗe ƙofar ba da shi don tallafa wa shari'ar da ake yi a wata ƙasa, a 1988 kuma kotuna suka fara miƙa shi kan kadarorin mutum ko'ina suke a duniya. Ƙasashe irin su Kanada, Ostareliya da Najeriya sun karɓe shi. Amurka ta bi wata hanya: a 1999 Kotun Ƙolinta ta ce kotunan tarayya ba su da ikon ba da shi a ƙarar neman biyan bashi, don haka masu ƙara a can suka ci gaba da dogara ga dokokin jihohi na riƙe kadara.