Koyar da Ɗorewa a Karatun Injiniya: Hujja daga Fadamar Bagudo da Iyakar Benin

Tsakure: Maƙalar ta tsaya a kan ra'ayi ɗaya, wato ɗorewar aikin injiniya a karkara tana rataye ne da wanda zai gyara shi da abin da zai gyara da shi, don haka a filin aiki ya kamata a koyar da ita, a kuma auna ɗalibi a can.

Ƙaramar hukumar Bagudo a jihar Kebbi tana bakin kogin Neja, tana kuma iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen Tsamiya da Lolo. Noman ranin shinkafa a fadamarta ya dogara da ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur, wanda ke jawo ruwa daga kogi ko daga gajeriyar rijiyar burtsatse. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, don dakile fasa-ƙwauri. A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin mai, farashi ya ninka. Injin nan bai canza ba, lissafin ƙarfinsa da aka koya a aji ma yana nan daram, amma manomin da ke jikin iyaka ya wayi gari ba ya iya tayar da shi yadda ya saba. Injiniyan da aka horar ya ɗauki mai a matsayin abin da kullum ake samu ya tsallake rabin aikinsa tun kafin ya fara.

Za a ce famfo mai aiki da hasken rana ya raba gardama. Ya rage ta, babu shakka, sai dai ya zo da tasa. Tsadar mai ita ce ke sa manomi ya kashe inji da zarar gona ta ƙoshi. Idan ruwa ya zama kyauta, wannan linzami ya fita. Famfon da ke zaune a bakin rijiya kuwa ba ya iya zuƙo ruwa idan zurfinsa ya wuce kimanin mita 7, saboda haka raguwar ruwan ƙasa kaɗan a ƙarshen rani ta isa ta mayar da kayan miliyoyi ƙarfen banza. Ga kuma gyara. Bakaniken kasuwa ya san kafireta kamar yunwar cikinsa, amma akwatin lantarkin da ke sarrafa famfon rana idan ya ƙone sai an nemo sabo daga birni. Kogin ma sau biyu yake cika a shekara: da ruwan damina a Agusta da Satumba, sai kuma ruwan tsaunukan Gini da ke isowa cikin hunturu. Ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi ta nuna cewa wanda zai kafa na'ura a fadama dole ya bi labarin ruwa daga Yamai da Malanville ta ƙasar Benin, kuma da Faransanci ake rubuta yawancin wannan bayani.

Ƙofar shigar da wannan ilmi a buɗe take. Manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disamba 2022 ta ɗauki kashi 70 cikin ɗari, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da buƙatun yankinta. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi suna cikin jiha ɗaya da wannan fadama. Abin da nake gani ya dace shi ne ɗalibi ya yi watannin sanin makamar aiki tare da ƙungiyar manoma da bakanikensu, ya auna zurfin ruwa mako-mako, ya lissafa kuɗin gyaran shekara 5, kuma wani kaso na makinsa ya jira a ga ko abin da ya kafa ya kai ƙarshen rani yana aiki.

Masu suka suna da hujja mai nauyi. Suna cewa kimiyyar injiniya ɗaya ce ko'ina, kuma tun da Majalisar COREN mai kula da aikin injiniya a Najeriya ta zama cikakkiyar mamba a Yarjejeniyar Washington ta amincewa da digirin injiniya tsakanin ƙasashe a 2023, kada a mayar da digiri karatun ƙauye. Amma yarjejeniyar kanta tana buƙatar ɗalibi ya iya auna tasirin aikinsa a kan al'umma da muhalli, kuma zanen da aka ɗaure da ƙarancin kayan gyara ya fi wahalar warwarewa a kan wanda aka ba shi komai. Suna kuma cewa masu digiri Abuja da Legas suke tafiya. Haka ne, amma a ofisoshin can ake rubuta ƙa'idojin kwangilar wasu famfunan da ake rabawa a garuruwan Bagudo irin su Illo da Ka'oje. Sukar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi da tsaro, domin kai ɗalibai bakin iyaka yana da tsada da haɗari. Wannan yana iya rage yawan zuwa, ya sa a fara da 'yan asalin yankin, a kuma gayyato bakanikai da shugabannin manoma su zo Aliero su koyar, a biya su kamar kowane malami na wucin gadi.