Wasannin intanet na biyan kuɗin wata: wa suke yi wa riba?

Wasannin intanet na biyan kuɗin wata su ne waɗanda dubban mutane ke shiga duniya guda a lokaci ɗaya, kowa da gwarzonsa, ana yaƙi, ana ciniki, ana kafa ƙungiyoyi. Mai wasa yana biyan kamfani duk wata, kuma ranar da ya daina biya ƙofa ta rufe masa, ko da ya shekara goma yana wasan.

Asalinsu

Wanda ya fi suna shi ne World of Warcraft na kamfanin Blizzard na Amurka, wanda ya fito a 2004, ya kai masu biya miliyan 12 a 2010. Akwai Final Fantasy XIV na kamfanin Square Enix na Japan, wanda aka sake ginawa aka fitar a 2013. A ƙasashe masu magana da Faransanci kuwa an san Dofus, na kamfanin Ankama da ke Roubaix a Faransa, shi ma na 2004.

Tsarin ya ja baya da aka samu wasannin kyauta. Star Wars: The Old Republic ya buɗe ƙofar kyauta a 2012, shekara guda bayan fitowarsa, The Elder Scrolls Online kuma ya janye biyan dole a 2015.

Nawa ne kuɗin?

World of Warcraft ya daɗe a kan Yuro 12.99 a wata a Turai. Da yake Yuro ɗaya sefa 655.957 ne a Nijar da Chadi da Kamaru, wannan ya kama kusan sefa 8,500 a wata, sama da 100,000 a shekara. Sabon babin wasan kuma daban ake sayensa.

Sauran kashe-kashen sun fi wannan nauyi. Wasan na buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, kuma saukar da shi kaɗai na cin gigabait masu yawan gaske, sannan ga gyare-gyaren da ake turowa a kai a kai. Biyan kuɗin yakan buƙaci katin banki da ke aiki a ƙetare, kuma ana cire kuɗin kai tsaye duk wata har sai mutum ya soke da kansa.

Abin da ake samu

Mai biyan wata ya san iyakar abin da zai kashe. A wasannin waya na kyauta irin su Free Fire da PUBG Mobile, shiga ba a biya, amma ana ta tallata wa mai wasa kaya da lu'ulu'u, kuma ƙananan sayayya na iya taruwa su wuce kuɗin wata ba tare da ya lura ba. Kuɗin wata kuma shi ke riƙe ma'aikatan da ke ƙara sababbin labarai da korar masu maguɗi.

Matsalar nisa

Manyan kwamfutocin da ke ɗauke da World of Warcraft da Final Fantasy XIV ba a Afirka suke ba, na Turai ne mafi kusa. Duk maɓallin da aka danna a Zinder ko Garwa sai saƙonsa ya je can ya dawo. In layi ya yi rauni ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar yaƙin ƙungiya, abokan wasa ne ke kwana ciki, kuma kwanakin da aka biya suna ci gaba da ƙirguwa.

Yadda za a yanke shawara

A raba kuɗin da awannin wasa. Mai yin awa 40 a wata yana biyan kimanin sefa 210 kowace awa. Mai awa 5 kuwa sefa 1,700 yake biya, abin da bai dace da ɗalibi ko mai iyali ba.

Kafin a biya, a gwada kyauta: World of Warcraft na barin mutum ya kai mataki na 20, Final Fantasy XIV na da gwaji mai tsawo marar wa'adi, Dofus ma yana da yankin masu farawa. Mako biyu sun isa a gane ko layin gida zai ɗauka. In ya ɗauka, kuma akwai abokan da za a riƙa wasa tare, sai a biya wata ɗaya tak, a kashe sabuntawa ta kai tsaye. Wanda waya kaɗai gare shi, ko yake dogara da forfe na kwana-kwana, gara ya riƙe kuɗinsa.